Hilux ɗin Kwanan Daji da Shasinta Ya Lanƙwashe: Nazarin Lodi da Wurin Ɗora Shi

Alamar da ta sa aka kai motar gareji ba ta da girma. Tazarar da ke tsakanin gidan fasinja da bodin baya, wadda a sabuwar mota take daidai daga sama har ƙasa, ta buɗe baki: a ƙasa yatsa biyu ke shiga, a sama kuwa har tafin hannu. Injin lafiya lau, giya na shiga, ba ƙarar komai. Amma duk bakaniken da ya san a-kori-kura, da ya ga wannan buɗewar ya san shasi ne ya sunkuya ta baya, kuma aikin ya wuce na ƙara ganyen sifirin.

Lamarin da za a bi a nan misali ne da aka gina kan mota guda, irin wadda ake yawan gani, kuma nauyin kayan da za a ambata matsakaici ne na abin da ake samu a kasuwa. Motar Toyota Hilux ce mai ƙofa huɗu, ƙirar da aka yi tsakanin 2005 da 2015, wadda ake kira Vigo, mai injin dizal lita 2.5 samfurin 2KD, da giyar hannu, da giyar taimako ta ƙafa huɗu da direbobi ke ce wa ogzilari. An shirya ta ne don mutum huɗu su kwana uku zuwa biyar a daji, musamman a hanyar da ta tashi daga Jalingo ta bi Bali zuwa Serti, hedkwatar gandun dajin Gashaka-Gumti, sannan ta haura tsaunin Mambila ta Mayo Selbe zuwa Nguroje da Gembu. Hanya ce da ta haɗa komai: kwalta mai ramuka, burji mai gargada, mashigin ruwa idan an ratse cikin gandun, da hawa mai lanƙwasa zuwa tudun da ya kai kimanin mita 1,600.

Abin da aka ɗora

Kowace mota tana da tambarin ƙarfe ko takarda a jikinta, da kuma littafinta, da ke faɗin iyakar nauyin da aka yarda ta kai da komai da komai a ciki. Ga irin wannan Hilux abin yana kusan kilo 2,800, ita kanta kuma da tanki cike tana kusan 1,900. Ragowar kilo 900 ke nan. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ɗaukar 900 ɗin nan a matsayin kayan da za a zuba a bodi. Direba yana cikin lissafin, fasinjoji suna ciki, haka kowane ƙarfe da aka liƙa wa motar bayan ta bar kamfani.

A gaba an sa bambar ƙarfe da winci, wato injin igiyar da ke janyo mota in ta maƙale, kilo 105. Mai walda ya haɗa rumfar ƙarfe a kan bodi da bututu mai kusurwa huɗu da faranti, kilo 140, aka ɗora mata tantin kwana na saman mota mai kilo 65. A cikin bodi kafinta ya yi aljihuna na katako, kilo 80, da firji mai lita 50 wanda da abincinsa ya kai 45, da batir na biyu mai kilo 30, da tankin ruwa mai lita 100 wanda da ruwansa ya kai 115, da jarkokin dizal biyu, 42. Jak, sufanu, igiyar ja, shebur da injin hura taya sun ci 50. Tukunyar gas, tukwane, abinci, kujeru da shimfiɗa sun ci 120. Tayoyin daji da aka sa sun ɗara na asali da kilo 25 gaba ɗaya. Sai babban abin: an cire bambar baya aka sa wata ta ƙarfe mai hannu da ke buɗewa, tana ɗauke da safaya ta biyu da ƙarin jarkokin dizal biyu, jimla kilo 137, duk a rataye a bayan ƙofar bodi. Mutum huɗu, kilo 300.

Jimla kilo 1,254. An wuce iyaka da kusan 350, kuma babu abu ɗaya a jerin nan da za a ce shirme ne. Kowanne da dalilinsa, kuma an saye su ne ɗaya bayan ɗaya cikin watanni, shi ya sa babu ranar da mai motar ya ji cewa ya yi obalodi.

Inda gizo ke saƙar

Da a ce kilo 350 ɗin nan sun rabu a kan tayoyi huɗu daidai, da motar ta wahala amma da wuya shasi ya lanƙwashe. Matsalar tana cikin ƙirar a-kori-kura mai ƙofa huɗu. Don a samu wurin kujerar baya, an tura bodi baya, aksil kuwa yana nan inda yake. Tsakanin tayar gaba da ta baya mita 3.085 ne, bodin yana da tsawon kusan mita ɗaya da rabi, kuma kusan kashi biyu cikin uku na wannan tsawon yana bayan aksil ne, a rataye, ba abin da ke tallafe da shi sai ƙarfen shasi.

Duk abin da aka ajiye a bayan aksil yana aiki kamar mutumin da ya zauna a ƙarshen benci: ƙafar bencin da ke kusa da shi ta ɗauki fiye da nauyinsa, ɗaya ƙarshen kuma ya ɗaga. Lissafin ba wuya. A ɗauki nauyin kayan, a ninka da tazararsa daga tayar gaba, a raba da 3.085, abin da ya fito shi ne abin da aksil na baya ke ɗauka. Kilo 137 na bambar baya suna kimanin mita 1.4 a bayan aksil, don haka aksil yana jin su a matsayin kilo 200, kuma sun sauke wa tayoyin gaba kusan kilo 60, wato tayoyin da ke riƙe da sitiyari da yawancin birki. Tankin ruwa, da aka sa kusa da ƙofar bodi don famfonsa ya yi sauƙin kaiwa, yana santimita 80 a bayan aksil, kilo 115 ɗinsa suka zama 145.

Da aka bi kowane kaya da wannan lissafin, aksil na gaba ya tashi da kusan kilo 1,200, bai ma kai iyakarsa ba. Na baya ya tashi da kusan 1,950, alhali iyakarsa a wannan ƙirar tana wajen 1,600. Obalodin gaba ɗaya a baya yake. Wannan ne dalilin da ya sa awon mota baki ɗaya a sikelin manyan motoci, irin wanda ake samu a kamfanonin sarrafa shinkafa da wuraren fasa dutse, bai wadatar ba. Sai an hau da tayoyin gaba kaɗai an rubuta, an hau da na baya kaɗai an rubuta, kuma a yi haka da tanki cike, ruwa cike, mutane a zaune.

Duk wannan lissafin motar da ke tsaye ne. Idan tayar baya ta faɗa kwari ta fito, ko ta hau tudun da ruwa ya bari a tsakiyar burji, nauyin da ke rataye yakan ninka sau biyu ko uku na ɗan lokacin ƙiftawar ido. Gudu kuma ba ya ƙara bugun daidai da daidai: wanda ya shiga rami da gudun kilomita 60 ya kai masa ƙarfin da ya fi na mai gudun 40 sau biyu da kwata. A Ostireliya, inda ake yawan mayar da irin waɗannan motoci na kwanan daji, lanƙwashewar shasi a daidai bayan gidan fasinja sananniyar matsala ce, kuma ba ta tsaya kan kamfani ɗaya ba, domin ƙirar duk iri guda ce.

Gyaran da ya ɓoye ciwon

Motar ta yi gargaɗi tun da wuri. Bayanta ya zauna, fitilun gaba suka koma haska sama har masu zuwa suna ta kunna mata doguwar wuta, sitiyari ya yi sakayau a kan kwalta, kuma a kowane rami ana jin aksil yana dukan robar da ke tare shi a jikin shasi. Wannan zaman shi ne sikelin da kamfani ya bar wa mai mota kyauta. Maganinsa a rage kaya.

Abin da aka yi shi ne abin da aka saba: an ƙara ganyen sifirin biyu a kowane gefe. Motar ta miƙe ta yi kyan gani. Da dukan bai daina ba a mummunar hanya, sai aka yanko robar tsohuwar tayar babbar mota aka ɗaure tsakanin aksil da shasi. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Sifirin mai ganye yana riƙe shasi ne a wuri biyu, gaba da baya, masu nisan fiye da mita ɗaya a tsakaninsu, don nauyi ya bazu. Robar nan ta tattara bugun duka a wuri ɗaya, daidai saman aksil, ta zama dutsen da ake ɗora sanda a kai idan ana so a karya ta. Ƙarin ganye kuma bai ƙara wa shasi ƙarfi ba, bai ƙara wa aksil ko boris ɗinsa ba, bai ƙara wa birki ba. Abin da ya yi shi ne ya hana sifirin lanƙwasawa, bugun da da shi zai shanye ya wuce kai tsaye zuwa ƙarfen da ba a yi shi don lanƙwasawa ba. Shokazoba na asali, da aka bar su suna fama da sifirin da ya fi ƙarfinsu, sun yi zafi a gargada suka fara zubar da mai, daga nan bayan motar ya riƙa tsalle sau biyu ko uku bayan kowane tudu.

Akwai illa ta biyu da ta fi lanƙwashewar shasi haɗari, kuma ba a cika lura da ita ba. Yawancin Hilux na wannan ƙirar da ba su da birkin ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, suna da wani bawul a ƙarƙashin bodi, da siririn ƙarfe da ya haɗa shi da aksil. Aikinsa ya auna yadda bayan mota ya zauna: in ya zauna sosai, ya san akwai kaya, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi; in yana sama, ya rage, don kada tayoyin baya su kulle. Da aka ɗaga bayan motar da ƙarin ganye ba a daidaita bawul ɗin ba, sai ya riƙa ganin motar kamar ba kaya, alhali tana ɗauke da fiye da tan ɗaya da kwata. Birkin gaba ya rage kusan shi kaɗai yana tsayar da tan uku da ɗoriya. A gangaren saukowa daga Mambila wannan na nufin farantin birki ya yi zafi har ya canza launi, feda ta yi laushi. Man birki samfurin DOT 3 sabo yana tafasa ne a digiri 205, amma idan ya tsufa ya sha danshi yakan sauko zuwa 140; DOT 4 kuwa daga 230 zuwa 155. Man da ya shekara uku a mota ba abin sauka dogon gangare da shi ba ne. A canza shi duk shekara biyu, kuma a sauka da giya ta biyu, injin na riƙe motar, ana taɓa birki ana saki, ba a kwantar da ƙafa a kai ba.

Tayoyin baya ma suna kan gaɓa. Lamba 112 da ke jikin taya mai girman 265/65R17 tana nufin kilo 1,120, kuma da cikakkiyar iska ne. Kowace tana ɗauke da kusan 975. Rage iska a burji abu ne mai kyau ga motar da ba ta cika ba, amma da wannan nauyin gefen tayar zai riƙa lanƙwasawa yana zafi har zaren ciki ya rabu.

Yadda aka gyara

An sauke komai, an cire rumfa, an kwance bodin gaba ɗaya, domin ba a iya hukunta shasi da bodi a kansa. A kan daɓe mai daidaito aka auna tsayin ƙarfen hagu da na dama daga ƙasa a wurare huɗu, aka kuma auna a gicciye daga kusurwa zuwa kusurwa don a ga ko ya murɗe. Wurin da ake nema yana tsakanin ƙarshen gidan fasinja da inda shasi ya yi baka ya haye aksil. Alamunsa fenti da ya ɓare a layi, ko tsatsa siririya kamar zare, ko ƙarfe da ya tattare a ƙasa kamar fatar gwiwar hannu. A wanke da burushin waya a haska da tocila ta gefe, tsagar da ba a gani da rana takan fito.

An miƙar da shi a sanyaye, an ɗaure da sarƙa ana turawa da jak kaɗan-kaɗan ana aunawa. Gasa shasi da wutar gas har ya yi ja yana sa aikin ya yi sauri, amma ƙarfen ba ya komawa yadda yake, kuma nan zai sake bayarwa. Inda aka samu tsaga an huda ƙaramin rami a kowane ƙarshenta don kada ta ci gaba, an goge ta da giranda ta yi kwari, an cike da walda, sannan aka ɗora faranti a kai. Kaurin farantin ya zama kusan na shasin, milimita uku zuwa huɗu, ƙarshensa kuma a fere shi ya yi tsini kamar kifi. Faranti mai kauri mai kusurwa huɗu, da aka yi wa walda a miƙe daga saman shasi zuwa ƙasa, yana mayar da tsagar ne zuwa bakinsa kawai. Kafin a kunna injin walda an sauke tankin mai, an cire kan batir duka biyu, an zare wayar kwamfutar injin, an kuma kawar da bututun birki da wayoyin da ke bin jikin ƙarfen. Idan lanƙwasar ta kai ga ƙarfen ya ninke, babu gyaran da za a amince masa da ran mutum huɗu, sai canjin shasi, kuma da yake lambar shasi da ke cikin takardun mota a jikinsa take, sai an bi ta ofishin rajista an daidaita takardu.

An zubar da robar taya. An cire sifirin da aka yi wa ƙari aka sa cikakken saiti da aka ƙera don mota mai zama da kaya kullum, da shokazoba da suka dace da shi, da sababbin kusoshin da ke ɗaure sifirin da aksil, domin tsofaffin sun riga sun miƙe kuma ba a maimaita su. Ana sake ɗaure su bayan kilomita 500 na farko, saboda sabon ganye yakan zauna. An daidaita bawul ɗin birki da sabon tsayin motar.

Babban aikin dai a kan kaya aka yi shi. Bambar baya mai hannu ta tafi, ta asali ta dawo. Rumfar ƙarfe ta koma ta alminiyam mai kilo 70. Tantin sama, wanda bayan nauyinsa yake sa mota ta riƙa rangaji a hanya mai karkata, ya koma na ƙasa mai kilo 15. Akwatunan roba masu kilo 20 sun maye aljihunan katako. Batir ya koma na litiyam mai kilo 13, da na'urar cajinsa ta musamman, domin ba a haɗa irinsa kai tsaye da janareton mota, da fis a kusa da kan kowane batir. Ruwa ya koma jarka uku, lita 60, wanda ke isar mutum huɗu kwana uku a kan lita biyar kowanne don sha da girki, da matatar ruwa don ƙari daga rafi. Dizal jarka biyu; da su da tankin da ke cin kusan lita 80 ana wuce kilomita 800 ko da hanya ba kyau. Jarkoki biyar ɗin an jera su a tsaye jikin bangon bodi na gaba, batir da akwatin sufanu a gefensu, safaya ta biyu a tsaye a kan aksil, duk an ɗaure da bel a ƙugiyoyin bodi. Daga aksil zuwa ƙofa ba a sa komai sai firji, shimfiɗa, kujeru da tanti. Jimlar kaya da mutane ta sauko zuwa kusan kilo 900, aksil na baya kuma zuwa wajen 1,450.

Winci da bambar gaba an bar su, kuma wannan hukunci ne da za a iya jayayya a kai. Ga mai tafiya da rani cikin ayarin mota biyu, igiyar ja da shebur sun isa, kilo 105 ɗin kuma ya fi amfani a matsayin ruwa. Ga mota ɗaya tilo a ƙasar laka da mashigai, winci ya cancanci nauyinsa.

Kulawa bayan kowace fita

Iskar taya tana bin hanya: wajen 36 zuwa 40 a ma'aunin mai faci a kan kwalta da kaya, 28 zuwa 30 a burji tare da rage gudu, 18 zuwa 20 a yashi, a mayar da ita da zarar an hau kwalta. Ogzilarin wannan motar ba na kwalta ba ne. A busasshiyar hanya mai riƙo yana ɗaure farfela da giya har wani abu ya karye. Bayan an ratsa ruwa a buɗe noti a duba man aksil na gaba da na baya, in ya yi fari kamar madara a zubar da shi a ranar, a kuma buga giris a kan farfela. Injin 2KD ba ya haƙuri da dizal mai ruwa ko datti, nozul ɗinsa kuma tsada gare su, don haka man jarka a tace shi kafin ya shiga tanki, a tsiyaye ruwan da ke ƙarƙashin filta da zarar fitilarsa ta kama, a tafi da filta ɗaya a ajiye. Da hunturu a kaɗe filtar iska kowace safiya. Bel ɗin tayimin a canza shi a kilomita 150,000, kuma a motar da aka saya ta hannu ba tare da tabbacin yaushe aka canza ba, a canza shi kafin fita ta farko.

Sai tazarar nan ta tsakanin gidan fasinja da bodi. A auna ta da tef a sama da ƙasa, hagu da dama, motar ba kaya, a rubuta lambobin huɗu a cikin littafin mota. A maimaita bayan kowace tafiya. In ta sama ta ƙaru da milimita biyar ta ƙasa ba ta motsa ba, a fara duba kusoshin da ke riƙe bodi da robobin gidan fasinja. In suna ɗaure lafiya, a sauke bodi a duba shasi kafin a sake ɗora ko jarka ɗaya.